Takun da Ba Na Lorne Ba

Ranar Juma'a ce da yamma. Na riga na sa rigar sanyi, ina laluben makullin mota a jaka, sai Lorne ya leƙo ofis.

"Renata, ara mini kunnenki kafin ki tafi. Tafiya ɗaya kawai za mu yi."

Na ce, "Kai Lorne, agogonka ya mutu ne? Tess tana gidan maƙwabta, na yi musu alkawari zan ɗauke ta kafin duhu."

"Ba za mu daɗe ba, ƙanwata."

Duhun ma ya riga ya fara. A garinmu Prince George, can ƙasar sanyi, cikin Nuwamba rana ba ta jiran a tashi daga aiki. Dusar ƙanƙara tana sauka a hankali, kowa ya watse. Baba Pritam mai injin ƙugiya na ɗaga kaya shi ne na ƙarshen fita, na ji lokacin da tsohuwar motarsa ta yi tari ta tashi.

Aikinmu sauraro ne. Masu gina dogayen benaye da katako su ne ke kawo mana falankinsu, katakai da aka jera wannan a miƙe wannan a gicciye, aka manne da gam, aka matse har suka zama abu guda mai kauri. So suke a gaya musu ko mai kwana a ƙasa zai riƙa jin takun maƙwabcinsa na sama. Ɗakuna biyu gare mu na kankare, ɗaya bisa ɗaya, da babban rami a tsakani. Baba Pritam zai sauko da falankin ya zauna daram a ramin, ya zama daɓen na sama kuma rufin na ƙasa. Akwai injin guduma da ke bugun katakon, makirfo na ɗauka. Amma inji ba mutum ba ne, don haka muke da wata al'ada tamu. Ɗaya zai hau sama ya yi ta tafiya, ɗaya ya zauna a ƙasa a rufe masa ƙofa. Mai tafiya ba ya tsayawa sai na ƙasa ya danna oba-oba ya ce masa, "Na ji ka, ya isa."

Lorne Friesen ne ya koya mini wannan, shi ya koya mini komai a wurin. Da mijina ya tattara nasa ya nasa ya bar ni da goyon 'yata Tess, Lorne da matarsa Colleen ne suka tsaya mini. Shi ya riƙe Tess a coci ranar baftisma, kuma Kawu take kiransa har yau. Da wani ne ya tare ni a wannan yammar, da na ce masa sai Litinin.

Na dai lura kwanakin nan ya zube. Idanunsa sun faɗa, gemu ya fito ba aski, Colleen ma ta daina aiko mana da burodin ayabar da ta saba. Na tambaye shi, ya ce rashin barci ne. Ruwa ba ya tsami banza, amma ban matsa ba.

"Wane falankin?" na ce.

"Na arewa."

Na san shi. Wata masana'anta ce can arewa ta aiko da shi, an ce daga tsofaffin itatuwan da gobarar daji ta ƙone musu baya aka yi shi. Tun zuwansa Lorne ne kaɗai ke aiki a kansa.

Muka gangara. Ya ja mini ƙofar ɗakin ƙasa, ƙofar ƙarfe mai kauri, ya miƙo mini oba-oba. Hannunsa sanyi ƙalau.

Na ce, "In ka ɓata mini lokaci, kai za ka yi wa Tess bayani."

Bai yi dariya ba. Ya tura ƙofar, robar bakinta ta matse, ta tsotse duk ƙarar duniya.

Wanda bai taɓa zama a wannan ɗakin ba bai san shiru ba. Kana jin jinin kanka yana gudu a kunne. In ka haɗiye yawu sai ka ji kamar ka yi laifi. Kujera ɗaya ce a tsakiya, sai makirfo, sai babbar lasifikar gwaji a kusurwa. Na zauna, na ɗaga kai. Falankin yana nan bisa kaina, fari tas, da wani baƙin layi da wuta ta bari a jikinsa.

Wari na fara ji. Katakonmu busasshe ne, warin gam yake yi da ɗan ƙura. Wannan kuwa warin ɗanyen ƙaro yake, da jiƙaƙƙiyar ƙasa, irin warin da ke biyo babana gida daga daji.

Sai aka fara tafiya.

Dum. Dum. Dum.

Daga kusurwar hagu zuwa ta dama. Aka juya. Aka dawo.

Na ɗaga oba-oba, yatsana a kan maɓallin. Sabo turken wawa, bakina har ya buɗe zai faɗi abin da ya saba. Abu ɗaya ya tsayar da ni.

Lorne yana ɗingishi. Tun yana saurayi ya fasa gwiwa a wasan hoki, kuma shekara da shekaru ina zaune a ƙarƙashin takunsa. Ƙafar dama ta buga, ta hagu ta ja. Ko daga barci aka tashe ni zan gane shi.

Wannan takun daidai yake. Ba ja, ba ɗingishi. Kuma ba takalmi.

Oba-oba ta yi ƙara. Muryar Lorne, ƙasa-ƙasa.

"Kin ji?"

Na danna. "Lorne, ka cire takalmi ne?"

Ya ce, "E. Kin ji dai ko? Faɗi mu tafi gida."

A bayan muryarsa akwai wani abu. Na manna oba-obar a kunne. Shuu, ƙat. Shuu, ƙat. Waifa ce tana share gilashin mota. Da gurnanin hita mai ɗumama mota.

Ɗakin sama ba shi da waifa.

Na sake danna maɓallin.

"Lorne, kana ina?"

"Ina sama."

"Ƙarya kake. Kana cikin motarka."

Dum. Dum. Dum.

Babana, Allah ya jiƙansa, rayuwarsa duka sare itatuwa ya yi. Ba mai yawan magana ba ne, amma abu ɗaya ya nanata mini tun ina yarinya ina bin sa farautar barewa. Ya ce babban itace ba ya rasa mai shi. In kin ji taku a daji ba ki ga mai takun ba, ki zama kurma. Kada ki waiga, kada ki amsa. Wanda ya amsa, shi ake bi gida. Ina ɗaukar maganar hirar tsofaffi ce.

Na tashi na nufi ƙofa. Na danna ƙarfen buɗewa. Ya motsa, ƙofar ta ɗan tura kamar faɗin yatsa, ta ci karo da wani abu mai nauyi. Na sa kafaɗa. Ko gezau.

"Me ka sa a bakin ƙofa?"

Sai ya fashe da kuka. Namiji mai furfura, yana kuka a oba-oba kamar yaro.

"Ki yafe mini, Renata. Ni ma haka aka yi mini. Direban da ya kawo falankin ya ce in shiga in saurara, shi zai taka mini. Na ce na ji ka. Ya shiga motarsa ya gudu ko takarda bai karɓa ba."

"Buɗe ƙofar nan."

"Gidana ba bene ba ne, kin sani. Amma tun daren nan ake tafiya a kanmu. Da farko a kan kwano. Sai cikin silin. Sai ya sauko bango. Jiya a gefen gado ya tsaya, gefen Colleen. Kin san zuciyarta ba lafiya. Ba za ta kai wani makon ba."

"Shi ne ka ce bari ka ba ni?"

"Ke jaruma ce, za ki san yadda za ki yi. Ki faɗa kawai, in zo in buɗe."

"Tess fa, Lorne? Ita ma jaruma ce?"

Waifar kawai nake ji.

Ban san tsoro da baƙin ciki wanne ya fi cina a lokacin ba. Mutumin da ke da makullin gidana. Mutumin da ya ɗora 'yata a kan keke ya bi ta a guje da gurguwar ƙafarsa. Ya zauna ya duba duk mutanen da ya sani a garin nan, ya ga ba wanda zai shiga rami ya bari a rufe shi ba tambaya sai ni. Abin ya ƙona mini rai.

Na ce, "Allah ya isa tsakanina da kai."

Na kashe oba-obar, na jefa ta ƙasa. Ba don na gama da shi ba. Tsoron bakina nake ji.

Takun ya tsaya.

Daidai saman kaina.

Na matsa gefe. Dum. Ya matsa.

Na koma bango. Dum. Dum. Ya biyo.

Na yi ihu, na kira Baba Pritam, na kira duk wanda ya zo bakina. Aikin banza. Ni da kaina na gwada wannan ɗakin, na san ko bindiga aka harba a ciki ba mai ji a waje. Waya ba ta kamawa.

Wani abu ya ɗigo mini a wuya. Mai ɗumi. Na shafa, ya manne mini a yatsu. Ƙaro.

Busasshen katako ba ya zubar da ƙaro.

Na ɗaga kai.

Sawu ne. Sawun ƙafa, dogo, jiƙe da ƙaro, a jikin rufin. Ba ta sama ba. Ta cikin ɗakin da nake.

Dum.

Wani sawun ya fito kusa da na farko.

Yanzu a ƙasan falankin yake tafiya, kansa a ƙasa, ni da shi ɗaki ɗaya. Ba na ganin komai sai sawun. Iska ta yi sanyi daidai fuskata, kamar an buɗe firji.

Dum. Dum. Ya kai ƙarshen rufin.

Dum. Sawu a bango.

Sai na ji maganar tana taso mini daga ciki. Ba ni nake kiranta ba. Harshena yana motsi da kansa, yana haɗa kalmomin da ya saba. Na ji. Na ji k...

Na cije leɓe har na ɗanɗani jini.

Dum.

Na ga ɗakin Tess. Gadonta, da fitilar kifin da ke kunne a gefe. Yarinyar da ko kare ya yi haushi a titi sai ta ce masa sannu.

Dum. Sawu a daɓe.

Babana ya ce in zama kurma. Amma kunnena ne abincina, an horar da shi kada ya bar komai ya wuce. Ba zan iya ƙin ji ba.

Idona ya sauka kan lasifikar kusurwa.

Ita muke kunnawa in za mu gwada ko ƙara tana ratsa bene. Ba a kunna ta da mutum a ciki. Abin toshe kunne yana rataye a waje, bayan ƙofar da aka tokare.

Dum.

Na rarrafa. Na kunna. Na murɗa har ƙarshe.

Ƙarar ta doke ni a ƙirji. Haƙorana suka kama rawa. Na toshe kunnen dama da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana riƙe da maɓallin don kada in yi rauni in kashe. Kunnen hagu na bar shi a bakin lasifikar.

Wani abu ya fashe a cikin kaina.

Ban ƙara jin taku ba.

Amma ina gani. Sawu. Wani sawun. Ya zo gabana, ya tsaya. Ƙaron ya taru, yana malalowa wajen gwiwata.

Na runtse ido.

Sanyi a goshina. Numfashi mai warin toka.

Na daɗe a haka. Ban san iya daɗewar ba.

Hannu ya kama kafaɗata. Na kai duka.

Baba Pritam ne. Rawaninsa duk dusar ƙanƙara, bakinsa yana motsi ba na jin komai. Ya fizge wayar lasifikar daga bango, ya ja ni waje kamar buhu. Motar ɗaga kayansa tana gefe, inda ya janye ta daga bakin ƙofar.

Sai a asibiti na ji yadda aka yi, shi ma da kunnen dama, yana ɗaga murya. Filas ɗin shayinsa ya manta. Ya dawo ɗauka, ya ga jan fitilar gwaji a kunne da yammar Juma'a, ya ga motar ɗaga kayansa tokare da ƙofa.

"'Yata, ba mai taɓa mini mota a gidan nan. Da na gan ta a wurin na ce yau akwai ɗan iska."

Na ce, "Baba, ka ga wani abu a ɗakin?"

Ya kau da kai. "Ban ga komai ba, ban ji komai ba. Ke ma haka."

Motar Lorne ba ta wurin ajiye motoci lokacin da ya shigo. Ko jira bai yi ya ga ƙarshena ba.

Kunnen hagu ya mutu murus. Na dama ya dawo rabi. Mai sauraro ba kunne, ai sai ta nemi wata sana'a, don haka na bar aikin. Falankin kuwa Baba Pritam ya ciro shi ranar Litinin, ya ɗora a tirela aka mayar wa masu shi, bai bari kowa ya tsaya a ƙarƙashinsa ba. Lorne bai sake zuwa ba. Na wuce ta gidansu na ga labule a sauke, ƙanƙara ta cika ƙofar ba sawun kowa. Ban kai ƙara ba. Me zan ce wa 'yan sanda?

Na yi kuka a kan kunnena, ba zan ɓoye ba. Amma duk daren da na leƙa Tess na same ta tana barci da baki buɗe, sai in ce na sayi abin da arha.

Ban gaya mata komai game da Kawunta ba. Yarinya ce, ta yaya zan fara? Da ta tambaye ni sai na ce ya yi tafiya.

Ana gab da Kirsimeti, wata Asabar da rana, ina kicin ina wanke-wanke, famfo yana zuba. Na juyo zan ɗauki tawul, sai na hango Tess a falo, wayata a kunnenta, tana washe baki.

"Mama, Kawu Lorne ne!"

Ban san yadda na tsallake falon ba. Na fizge wayar, na kai kunnen hagu, na tuna, na mayar na dama.

Dum. Dum. Dum. Kusa ƙwarai, kamar an ɗora wayar a daɓe.

Sai muryarsa, a shaƙe, yana lallashi. "Yauwa 'yar Kawu, ƙara faɗa mini. Kin ji shi ko?"

Na ce, "Lorne."

Ya kashe.

Na durƙusa gaban Tess, na riƙe kafaɗunta. "Me ya ce miki?"

"Wasa muke. Wai in saurara, in na ji wani yana tafiya in gaya masa."

"Me kika ce?"

Ta ga fuskata, ta tsorata, ta fara hawaye. "Ban ce komai ba."

"Tess, ba zan dake ki ba. Me kika ce masa?"

"Na manta, Mama."

Ina tsaye taku kaɗan daga ita lokacin da take maganar. Da kunnena na da ne, da ko raɗa ta yi na ji ta ta cikin ƙarar famfo. Kunnen da na kashe don in tsare ta, shi ya sa ban ji amsarta ba.

Na canza lamba, na canza makullin gida. Na dawo da katifarta ɗakina. Gidanmu ba bene ba ne, kuma ni ba na jin komai a sama, amma yanzu rashin jina ba shaida ba ne.

Ba zan tambaye ta ko tana jin wani abu ba. In na tambaya, za ta amsa.

Fuskarta kawai nake kallo. Yau da safe tana shan madara, cokali ya tsaya mata a hanya. Ta ɗaga kai ta dubi silin, idonta ya tafi daga kusurwar hagu zuwa ta dama, a hankali, ya dawo. Ta buɗe baki.

Na sa hannu na rufe mata shi.